Bajekolin Gunduma a Amurka: Ranar da Yara Ke Nuna Gumin Su

Uwargida, a watannin Yuli da Agusta, gundumomi da yawa a Amurka kan shirya bajekolin noma, kuma yara na da rumfunansu. Akasarinsu 'yan ƙungiyar 4-H ne, wadda ta samo tushe a jihar Ohayo a 1902.

Yaro zai shafe watanni yana kiwon rago, akuya ko maraƙi, yana rubuta nauyinsa da kuɗin abincinsa. Wata yarinya ɗinki za ta kawo, wani kuma kabewa ko tumatirin lambunsa. Alƙalai su duba, su yi wa yaron tambayoyi, wanda ya zo na ɗaya ya samu shuɗin ƙyalle. A ƙarshe a yi gwanjon dabbobin. Wasu yaran har hawaye suke yi wajen rabuwa, amma da yawa kan adana kuɗin don karatu.

Sai dai a kula: dabba mai kama da lafiyayya na iya ɗauke da ƙwayar E. coli mai haddasa gudawa da jini, har ta taɓa ƙodar ƙaramin yaro. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa dabba, kar a ci abinci a garke.

Ke fa, wace dabba za ki fara damƙa wa ɗanki?