FASHIN BAƘI: Python, PHP ko JavaScript? Zaɓin ɗaliban Kalgo da makomar manhajojin sa kai

Ɗalibin da ya shiga sashen kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta na dindindin ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ba ya daɗewa sai ya ci karo da muhawarar wane harshen shirya manhaja ya fi cancanta a koya. Amsar ta rataya ne a kan aikin da ake son yi, da kuma ƙarfin jama'ar da ke kula da harshen.

Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ya yi suna wajen sauƙin karantawa, kuma shi ya mamaye fagen nazarin bayanai da ƙirƙirarriyar basira, ko da yake ba shi da sauri. Tun zubinsa na uku a 2008 yake sarrafa rubutu bisa tsarin Unicode kai tsaye, abin da ya sauƙaƙa aiki da haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ, ɗ da ƙ. JavaScript, wanda ya fito a 1995, yana gudana a cikin manhajar buɗe shafukan intanet, don haka ƙaramar kwamfuta ta ishi mai koyo. PHP kuwa wasu na ganin yayinsa ya wuce, amma da shi aka gina WordPress da MediaWiki, manhajar da Wikipedia ta Hausa ke tafiya a kanta. Rust, wanda ya kai cikakken zubinsa na farko a 2015, ya haɗa sauri da tsaro, sai dai koyonsa na buƙatar haƙuri.

Abin da ya haɗa su shi ne dogaro da manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda kowa ke da izinin karanta rubutun da aka gina su da shi, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mutanen Gwandu. Littattafan Malam Abdullahi Fodiyo sun yaɗu ne ta hannun almajiran da suka riƙa kwafe su suna koyar da su, kuma littafin da ya rasa mai kwafa yakan ƙare a bakin gara.

Haka abin yake ga manhaja. A watan Maris na 2024, wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya gano ɓoyayyar ƙofar kutse a XZ Utils, wata ƙaramar manhajar matse bayanai da ake samu a mafi yawan kwamfutoci masu aiki da Linux. Mutum guda ne ya shafe shekaru yana ɗauke da nauyinta a matsayin aikin sa kai, har ya gaji, wani ya lallaɓo da sunan taimako ya samu amincewarsa. Jamus ta riga ta hango irin wannan haɗari, domin a 2022 ta kafa asusu na musamman don biyan masu kula da muhimman manhajoji irin waɗannan.

Ƙungiyoyin da ke yi wa Hausa hidima su ma sun jingina ne a kan 'yan sa kai. Akwai masu gyara Wikipedia ta Hausa, da masu ba da muryoyinsu ga shirin Common Voice na Mozilla, da masu bincike na HausaNLP da Masakhane da ke tattara bayanan koya wa na'ura harsunan Afirka. Da yawansu daga aljihunsu suke sayen data, alhali a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100.

A nan ne batun ya shafi siyasa. Shirin 3MTT da Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 na da burin horar da 'yan Najeriya miliyan uku. Horarwa mataki ne na farko, amma manhaja na buƙatar gyara shekara da shekaru. Idan gwamnatin jiha ta ba da kwangilar gina manhajar tara haraji ko ta rajistar ɗalibai, 'yan ƙasa na da hurumin tambaya ko tushenta zai zama mallakin jama'a, da kuma nawa aka ware domin kula da ita bayan bikin ƙaddamarwa.

Ga ɗalibin Kalgo, ma'aunin da ya fi amfani shi ne ya duba ko harshen zai yi aiki a kwamfutar da yake da ita, ko akwai na kusa da zai tambaya idan ya maƙale, da kuma mutum nawa ke gyara kayan aikin da zai dogara da su. Wanda ya naƙalci harshe ɗaya, na biyu ba ya ba shi wuya. Samun wanda zai gaji aikin bayan mai shi ya tafi bautar ƙasa ko ya samu aiki a Abuja shi ne babban jan aikin.