Dabbobinka da ƙarar nokawut: shirin da za ka yi tun kafin magariba

Da zarar Disamba ya raba, ko an ga watan Sallah, ko an ɗaura aure a unguwa, yara sai su cika aljihu da nokawut, manya kuma su kunna wasan wuta. A garuruwan da ake hawa, ga 'yan bindigar sarki. Mu mun san shagali ake yi. Kare da tunkiya da kaza ba su san haka ba.

Wata shekara, washegarin sabuwar shekara, wani ɗan ƙungiyarmu ya kira ni da sassafe, wai cuta ta faɗa wa kajinsa na nama. Na je na tarar da matattun a kusurwa ɗaya, wata a kan wata, ba zawo, ba majina, sauran kuwa suna ta cin abincinsu. Nan take na san babu wata cuta. An jefa nokawut a bayan katanga da daddare, kajin suka ruga lungu guda, na sama suka danne na ƙasa har numfashi ya ɗauke. Saura kwana kaɗan ya kai su kasuwa.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, ƙarar kanta ba kasafai take kashe dabba ba. Abin da dabbar ke yi idan ta firgita shi ke jawo asara: igiya ta shaƙe ta, ko ta yanke a jikin kwano, ko ta tsere ta faɗa titi. Kunnen dabbobi da yawa ya fi namu. Mutum mai lafiyayyen kunne yana tsayawa ne wajen sauti mai kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, kare kuwa yana jin fiye da ninki biyu na haka. Sannan ƙarar tana zuwa ba zato, ga walƙiya, ga warin albarushi, dabbar ba ta san ta inda za ta guje mata ba.

Mu fara da kare, don shi aka fi zalunta a irin wannan dare. Za ka ga yana rawar jiki, yana haki, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, yana tonon ƙasan ƙofa, wani har fitsari ke kuɓuce masa. Sai maigida ya ce karen banza ne, ya ɗauko sanda. Duka ba ya cire tsoro, yana dai koya wa karen cewa duk lokacin da aka ji wannan ƙara, akwai bulala a bayanta. Badi abin sai ya fi na bana. Kuma karen da ya firgita yana iya cizon wanda ya rene shi, don haka a hana yara jan sa daga inda ya ɓuya.

Na san yawancinmu ba ma shigar da kare ɗakin kwana, ba kuma sai an yi haka ba. Ɗakin ajiyar kayan gona ya isa, ko wani lungu mai ƙofa. Ka shimfiɗa masa tsohon buhu, ka ajiye ruwa, ka fara ba shi abinci a wurin tun kwana uku ko huɗu kafin bikin don ya saba. Ranar, ka ciyar da shi da la'asar, ka shigar da shi kafin magariba, ka kunna rediyo kusa da shi. Kada ka bar shi a sarƙa a tsakar gida. Idan ya zo ya raɓe ka, ka yi masa magana a hankali, wannan ba ya ɓata shi. Mai ɗan kwikwiyo kuma yana da dama: ka ɗauki ƙarar nokawut a waya, ka riƙa kunna masa ƙasa-ƙasa yana cin abinci, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni. In ya daina ci, ka yi gaggawa, sai ka rage.

Kyanwa ba ta da wahala. Bar mata ƙarƙashin gado ko kwali, a rufe ƙofa, za ta fito da kanta.

Maganar magani kuwa, don Allah a kiyaye. Kada a ba dabba ƙwayar barci ta mutane ko tiramadol wai don ta natsu. Farasitamol guda ɗaya na iya kashe kyanwa. Ko cikin magungunan dabbobi akwai wanda ke kashe jiki kawai, karen ya kasa motsi alhali yana jin komai, tsoron na nan daram. Idan karenka na jin ciwo duk shekara, ka ga likitan dabbobi tun da sauran mako biyu.

Ga masu awaki da tumaki, turke ne abin dubawa. Ragon da aka ɗaure da zarge a wuya, in ya zabura ya ja, igiyar ƙara matsewa take yi. Ka yi ƙulli wanda ba ya zamewa, ka bar sararin yatsu biyu tsakanin igiya da wuya, kada kuma ka kafa turaku kusa da juna har igiyoyi su harɗe. In akwai garke mai ƙofa, gara ka kwance su su kwana tare, domin dabbar garke ta fi natsuwa cikin 'yan uwanta. Masu tsohon ciki da 'yan ƙanana dai a ware su gefe, turmutsutsu na jawo ɓari da karaya. Ka zuba harawa da yamma, bakin da ke tauna ba ya saurin zabura. Saniyar tatsa tana iya riƙe nono washegari, tsoro ne ya hana shi sauka, ka ba ta lokaci, kada ka buge ta.

Mu koma kan kaji. Ka zagaye kusurwoyin ɗakin da kwali ko falanki yadda ba za a sami lungun taruwa ba. Ka bar fitila mai ɗan haske a kunne tun magariba, don walƙiya a cikin duhu ta fi firgita su, ka sauke labulen buhu ta ɓangaren titi amma ka bar hanyar iska. Sannan wani ya kwana kusa. In ka ji sun rikice, shiga a hankali ka warwatsa tarin da hannu, minti kaɗan ne tsakanin rai da mutuwa ga ta ƙasa. Masu ƙwai kan rage na 'yan kwanaki, ko ka ga ɓawo mara kyau, saboda yawanci da daddare ɓawon ke haɗuwa a cikin kaza. Mai zomaye ya lulluɓe kejin da buhu, uwar da ta firgita takan tattake 'ya'yanta.

Kar a manta lokacin hunturu ne. Harawa da karan da muka jibge a kan rufi sun bushe ƙamas, tartsatsi ɗaya ya isa. Ka ajiye ruwa a duro kusa da rumbu da garke. Da safe kuma ka share ɓurɓushin nokawut kafin ka saki dabbobi, akuya takarda ce abincinta, kuma ragowar sinadarin ciki guba ne.

Rundunonin 'yan sanda na jihohi sukan sanar da haramta nokawut a ƙarshen shekara, amma kowa ya san yadda ake ƙarewa a unguwa. Abin da na ga ya fi aiki shi ne shugabannin ƙungiya su je wurin mai unguwa tun da wuri, a keɓe wa yara fili nesa da garke da ɗakunan kaji, a tsayar da lokacin farawa da na tashi. Mai biki ma in an roƙe shi ya faɗi ranar, yawanci ba ya ƙi.