Wuƙar aljihu: Kayan aiki a Kano, makami a Alƙahira

A ƙofar tashar jirgin metro ta Hadayek el-Maadi da ke kudancin birnin Alƙahira, kamar a sauran tashoshin birnin, fasinja kan ɗora jakarsa a kan na'urar binciken kaya kafin ya wuce ciki. Ga mafi yawan mutane abu ne na 'yan daƙiƙoƙi. Amma ga baƙon da ya saba ajiye 'yar wuƙa mai ninkewa a ƙasan jakarsa domin fere lemo ko yanke igiya, a nan ne matsala kan iya farawa.

Unguwar tana kan layin jirgi na ɗaya da ya haɗa Helwan da El Marg, kuma ta yi suna wajen karɓar baƙi daga Sudan da Sudan ta Kudu da wasu ƙasashen Afirka, saboda kuɗin hayar gida a cikinta bai kai na Maadi da ke maƙwabtaka da ita ba. Alƙahira kuma birni ne da Hausawa ke yawan zuwa, wasu domin karatu a Jami'ar Al-Azhar, wasu neman magani, wasu kuma saro kaya.

Da yawa daga cikinsu sun fito ne daga garuruwan da wuƙa a aljihun manomi ko makiyayi ko mahauci ba ta jawo tambaya. A Masar lamarin ya sha bamban.

Me dokar Masar ta ce?

Doka mai lamba 394 ta shekarar 1954 ita ce ke kula da makamai a Masar. Ban da bindigogi, dokar ta tanadi wani jadawali na abin da Larabawa ke kira fararen makamai, wato masu kaifi ko tsini da makamantansu. A ciki akwai takubba da wuƙaƙe masu baki biyu, sannan an ambaci wata wuƙar aljihu da sunanta: matwa ƙarn ghazal, wato wuƙa ƙahon barewa.

Jadawalin bai tsaya nan ba. Ya haɗa da duk wani abu da ake amfani da shi wajen kai wa mutane hari, matuƙar wanda ke ɗauke da shi ba shi da hujja ta doka ko ta larurar sana'a. Wannan ne ya sa mahauci ko kafinta da ke kan hanyar zuwa aiki ke da abin da zai kare kansa da shi, yayin da ɗalibi ko ɗan kasuwa zai sha wahalar yin bayani.

A 2019 an yi wa dokar gyara aka tsananta hukunci. Wanda aka kama da irin wannan makami ba tare da izini ba zai fuskanci ɗaurin da bai gaza wata uku ba, da tarar fam 500 zuwa 5,000 na kuɗin Masar. Tarar takan ƙaru idan an kama mutum da shi a wurin taruwar jama'a ko cikin abin sufuri ko a wurin ibada. Ga baƙo kuwa, hukuncin kotu na iya shafar takardar izinin zamansa, da karatun da iyayensa suka kashe wa dukiya.

Tsananin yana da tushe. A finafinan Masar, matwa ita ce alamar baltagi, wato ɗan daba mai karɓar kuɗi da ƙarfi a lungu. Kuma 'yan ƙasar ba su manta da watan Oktoban 1994 ba, lokacin da wani matashi ya daɓa wa marubuci Naguib Mahfouz wuƙa a wuya a kusa da gidansa da ke Alƙahira. Marubucin, wanda ya lashe kyautar Nobel ta adabi a 1988, ya tsira da ransa, amma raunin ya nakasa hannunsa na dama da yake rubutu da shi.

Wuƙaƙen da aka ƙera domin kasuwar talaka

Ƙasar Hausa ta daɗe da maƙeranta. Wuƙar gargajiya ƙarfe ne miƙaƙƙe da ƙota, sai dukawa su ɗinka mata kube na fata, kamar yadda ake gani har yau a Kasuwar Kurmi ta Kano. Wuƙa mai ninkewa kuwa, wadda ƙotarta ce kubenta, ta yaɗu a Afirka ne ta hannun 'yan kasuwar Turai.

A 1902 aka fara ƙera wuƙar Okapi a birnin Solingen na Jamus, domin sayarwa a yankunan Afirka da Jamus ke yi wa mulkin mallaka. Ƙotarta ta katako ce, tana da wani zobe a baya da ake ja kafin a rufe ta. A 1988 aka mayar da ƙera ta Afirka ta Kudu, inda har yau take hannun makiyaya da leburori, kodayake sunanta ya ɓaci a wasu unguwanni saboda faɗace-faɗace.

A birnin Thiers na Faransa, kamfanin Cognet ya fitar da Douk-Douk a 1929. Ƙotarta fallen ƙarfe ne kawai da aka ninke, shi ya sa ba ta da kauri ba ta da tsada. An yi ta ne domin tsibiran tekun Pasifik, ba ta samu karɓuwa a can ba, sai ta yi kasuwa a Afirka ta Arewa da sauran yankunan da Faransa ke mulka. A lokacin yaƙin neman 'yancin Aljeriya, hukumomin Faransa sun ɗauke ta a matsayin makami suka hana shigar da ita ƙasar.

Akwai kuma Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a 1890 a yankin Savoie na Faransa domin manoma da makiyayan tsaunuka. Sai wuƙar sojan Suwizalan ta kamfanin Victorinox, wanda Karl Elsener ya kafa a garin Ibach a 1884, ya kuma soma kai wa sojojin ƙasarsa wuƙaƙe a 1891.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Waɗannan wuƙaƙe, musamman ukun farko, ba su da wani ado, amma sun kai kusan shekara ɗari ko fiye a kasuwa saboda sassansu kaɗan ne, abin da zai lalace a jikinsu ma kaɗan ne.

Me ke sa wuƙa ta zama abar dogaro?

Abu na farko shi ne ƙarfen. Akwai baƙin ƙarfe mai yawan sinadarin kabon, wanda ke saurin ɗaukar kaifi ko da a kan dutsen wasa wuƙa na gida. Aibinsa shi ne tsatsa: idan aka yanka lemo ko albasa aka bar shi da danshi, zai yi baƙi ya fara cin kansa. Sai kuma ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, wanda ake gauraya shi da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Ya fi dacewa da damina da garuruwan bakin teku da kuma wanda ba shi da lokacin kula da wuƙa, sai dai mai araha daga cikinsa kan dakushe da wuri.

Na biyu shi ne makulli, wato abin da ke riƙe ruwan wuƙar idan an buɗe ta. Douk-Douk da yawancin ƙananan Victorinox ba su da makulli, wani ƙarfe ne mai tauri a bayan ƙota ke tokare ruwan, don haka idan aka danna tsinin da ƙarfi tana iya rufewa a kan yatsu. Opinel kuwa tun 1955 take da zoben ƙarfe a wuya da ake murɗawa ya kulle ta, kuma ana samunsa daga lamba 6 zuwa sama.

Na uku shi ne mahaɗa, ƙusar da ruwan wuƙar ke juyawa a kanta. Nan ne raunin kowace wuƙa mai ninkewa yake. Kafin a biya kuɗi, mai saye kan buɗe ta ya girgiza ruwan hagu da dama. Idan yana motsi, to ba za ta daɗe ba. Wannan gwaji ya fi duba sunan da aka buga a jikinta amfani, domin kasuwanni sun cika da jabu masu ɗauke da tambarin manyan kamfanoni.

Ƙotar katako tana da daɗin riƙo, amma takan kumbura idan ta sha ruwa har wuƙar ta ƙi buɗewa. Ƙurar hunturu a ƙasar Hausa, ko ta iskar khamsin a Masar, takan taru a mahaɗa, shi ya sa ake goge ta a ɗiga mata mai kaɗan. Wajen wasawa, ana kwantar da bakin wuƙar a kan dutse da kusurwar kusan digiri 20 a kowane ɓangare. Masu sana'ar yanka sun san cewa dakusasshiyar wuƙa ta fi saurin yanke mai ita, saboda sai an danna ta da ƙarfi, daga nan sai ta zame.

Za ta iya ceton rai a daji?

Masu talla kan kira wasu wuƙaƙen aljihu da wuƙar tsira, su yi musu baƙin fenti da haƙora a baya. Ga matafiyin da motarsa ta lalace tsakanin Agadez da Zinder, ko manomin da dare ya yi masa a gona, aikin da 'yar wuƙa za ta yi sananne ne: yanke igiya ko roba, fiƙe itace, kankare busasshen ɓawo domin hura wuta, gyara abinci, da yaga ƙyalle domin ɗaure rauni. Ruwan wuƙa mai tsawon santimita 7 zuwa 9 ya isa duk wannan.

Faskare ko ɓanɓarar ƙarfe ba aikinta ba ne. Wanda ya buga mata dutse a baya domin tsaga itace zai karya mahaɗarta a daidai lokacin da ya fi bukatarta. Wannan aikin adda ne da gatari, kuma shi ya sa makiyayi ba ya rabuwa da addarsa ko da yana da wuƙa a aljihu.

Inda amfani ke karo da doka

Abubuwan da ke ƙara wa wuƙa inganci a wurin aiki, su ne kuma doka ta fi sa wa ido a ƙasashe da dama: makulli, da tsawo, da saurin buɗewa.

A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙar aljihu ba tare da bayar da dalili ba idan kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62, kuma kotuna sun yanke cewa wadda ke kullewa ba ta cikin wannan sassauci. Ke nan Opinel lamba 8, mai tsawon santimita 8.5 da zoben kullewa, wadda manomin Faransa ke yanka burodi da ita, tana iya kai mai ita gaban alƙali a Landan.

A Jamus an hana yawo da wuƙa mai makulli da ake iya buɗewa da hannu ɗaya, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Bayan harin wuƙa na watan Agustan 2024 da ya halaka mutum uku a Solingen, mahaifar Okapi, ƙasar ta ƙara tsaurara dokar, ta hana shiga bukukuwa da tarukan jama'a da wuƙa.

A filayen jiragen sama kuwa, tun bayan hare-haren 11 ga Satumban 2001 a Amurka aka tsananta hana shiga cikin jirgi da wuƙa, matakin da ya durƙusar da cinikin Victorinox na wani lokaci. A ƙa'ida ana sanya ta ne a babban akwatin da ake aunawa, amma hakan bai halatta ta a ƙasar da za a sauka ba.

Ko a gida ma kallon da ake yi wa wuƙa na sauyawa. A Kano, faɗan daba da ƙwacen waya sun sa jami'an tsaro na kama matasa da wuƙaƙe, kuma a 2023 majalisar tsaron jihar ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Wasu matasan kan ce suna riƙe wuƙa ne domin kare kai, hujjar da dokar Ingila ba ta karɓa, kuma ba ta cikin larurar sana'a da dokar Masar ta ambata.

Abin da ya kamata baƙo ya sani

Mallakar wuƙar girki a gida ba matsala ba ce a Alƙahira. Gabanin Babbar Sallah ma akan ga masu wasa wuƙa suna zagaya unguwanni da dutsensu mai juyawa, mahauta kuma na kai da komo da kayan aikinsu. Abin da jami'i ke dubawa shi ne irin wuƙar, da wurin da aka gan ta, da dalilin fita da ita.

Don haka wanda ya sayi wuƙa domin amfanin gida gara ya bar ta cikin kwalinta da rasit har ya isa masauki. Wanda sana'arsa ke bukatarta ya ajiye ta cikin kayan aiki tare da shaidar sana'ar. Matwa ƙarn ghazal da duk wata mai kama da ita kuwa, nisantarta ya fi, tunda dokar ta ambace ta da suna.

Ɗalibin da zai hau jirgi daga Hadayek el-Maadi zuwa tsakiyar birni ba shi da wani aikin da zai bukaci wuƙa a hanya. Abin da ya rage masa shi ne ya zazzage jakar da ya zo da ita daga gida, ya duba ƙananan aljihunanta, kafin ya ɗora ta a kan na'ura.