Ɗan notin da ke gadin giyar tsofaffin motocinmu

Duk ranar Alhamis da sassafe, hanyoyin da suka fito daga Sule Tankarkar da Ɗanzomo da Gagarawa kan cika da motocin da suka nufi kasuwar Maigatari. A cikinsu har yau ba a rasa akori-kurar da ta girmi direbanta, ko tsohuwar Peugeot 504, wadda iyayenmu ke ce wa Fijo, an labta mata buhunan riɗi da zoɓo da wake, ga awaki a ɗaure a baya. A Turai irin waɗannan motoci sun zama kayan tarihi, ana goge su a ajiye sai ranar baje koli. A wurinmu kuwa jari ne. Da su ake ci da iyali, da su ake biya wa wasunmu kuɗin makaranta.

Direbobinsu ba sa wasa da juyen baƙin mai, ba sa mance ruwan lagireto. Amma akwai man da mota kan yi shekaru ba a leƙa shi ba, wato man giya. A ƙarƙashin akwatin giyar kuma akwai wani ɗan noti da bai wuce babban yatsa ba, wanda zai iya gaya wa mai mota halin da giyarsa ke ciki tun kafin ta tsayar da shi a daji. A kansu muke son mu yi bayani a wannan mako.

Asalin motar

An fara ƙera Peugeot 504 a Faransa a 1968, ta kuma lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 ta cinye gasar tseren Safari a Gabashin Afirka, a kan hanyoyin ƙasa masu kama da namu. A wannan shekarar ce masana'antar kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motocin Peugeot a Najeriya. Turawa sun daina ƙera wa kansu ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita sama da shekara 20 bayan nan. Shi ya sa da wuya ka shiga garejin da ogansa bai san cikinta ba.

Matsalar ita ce yanzu an daina yin ta ko'ina. Wanda giyarsa ta fashe sai dai ya nufi Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya nemi ta hannu, wadda aka ciro daga wata motar da ita ma ta ga jiya ta ga yau. Kullum masu kyau raguwa suke yi, kuɗinsu na ƙaruwa. Ke nan giyar da take jikin motarka ita ce mafi arahar da za ka samu, in ka iya riƙe ta.

Abin da ke faruwa a cikin akwatin

Akwatin giya, wanda makanikai ke ce wa giyabos, cike yake da ƙarafa masu haƙora da ke cizon juna, da boris da suke juyawa a kai, da wasu zobba na tagulla. Aikin zobban shi ne daidaita gudun ƙarafa biyu kafin su haɗu, don giya ta shiga ba tare da ƙara ba. Duk waɗannan suna wanka ne a cikin mai. Manyan haƙoran ƙasa su ne ke ɗebo shi suna watsa wa na sama yayin da suke juyawa.

Ga bambancin da ya kamata kowa ya riƙe. Inji yana da famfon da ke zagaya mai, yana da matatar da ke tace datti, ana kuma canza ta a lokacin juye. Giyar hannu ta irin waɗannan motoci ba ta da ko ɗaya. Duk ɓurɓushin ƙarfen da ya goge daga haƙori, duk ɗan ɓallin da ya fita lokacin da direba ya tura giya bai taka kuloci sosai ba, a cikin man zai zauna. Ƙarfen haƙoran giya kuwa mai tauri ne ƙwarai. Idan mai ya kwashi garinsa ya kai cikin boris, sai ya riƙa cin su a hankali, su kuma su ƙara zubar da nasu garin. Haka ɓarna ke haifar ɓarna, har ranar da giya za ta fara kuka.

Aikin mayen ƙarfe

Nan ne ɗan notin ya shigo. Shi ne notin da ake kwancewa a ƙasan akwati don tsiyaye tsohon mai. Wasu kamfanoni sun dasa masa mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, a bakinsa na ciki. Giyar tsohuwar Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas, tana cikin masu irinsa. Mai yana wucewa, mayen yana cafke garin ƙarfe yana riƙewa, ba zai sake komawa cikin boris ba. Ba ya cin fetur, ba ya buƙatar batir, ba ya hutu.

Dabarar ba ta 'yan tasha kaɗai ba ce. A akwatin giyar jirage masu saukar ungulu ana sa irin wannan noti, har a haɗa shi da waya. Idan ɓallin ƙarfe ya taru a kansa, fitila ce za ta kama a gaban matuƙi ta gargaɗe shi. Direbanmu ba shi da wannan fitila, amma yana da ido.

Sai dai mu tuna darasin kimiyya na ƙaramar sakandare: maganaɗisu ba ya jan kowane ƙarfe. Yana jan baƙin ƙarfe, amma ba ruwansa da tagulla ko alminiyam. Ba ya kama yashi, ba ya kama ruwa. Mu kuma ƙasarmu ta rairayi ce, ga ƙurar hunturu, ga kududdufan damina. Duk akwatin da robar bakinsa ta mutu har mai ke yoyo, to ta nan datti ma zai iya shiga. Saboda haka mayen ƙarfe mataimaki ne, bai ɗauke wa kowa canjin mai ba.

Yadda ake karanta notin

Babban amfanin notin shi ne labarin da yake bayarwa ranar da aka kwance shi. Kada yaron gareji ya yi saurin goge shi da tsumma. A fara dubawa a cikin haske, a murza abin da ke jikinsa tsakanin yatsu.

Idan baƙin gari ne mai laushi kamar kwalli, ba ya sukar yatsa, wannan cin yau da kullum ne, ba abin tashin hankali ba.

Idan aka ji tsini-tsini, ko aka ga siraran ɓallaye masu ƙyalli, to boris ko haƙori ya fara ɓarewa. A sa sabon mai, a rage lodi, a sake dubawa nan ba da jimawa ba. In an sake samun irinsu, lokacin buɗe akwati ya yi.

Idan gutsure ne babba kamar ƙwayar dawa, kada a jira. Gara a sauke giya a gareji a canza abu ɗaya, da ta tarwatse a hanya a sayi akwati sukutum.

Shi ma man da aka tsiyaye a tare shi a kwano mai tsabta a kai shi rana. Idan yana walƙiya ruwan zinare, zobban tagulla ne ke narkewa a ciki, kuma ba za a gan su a jikin maye ba. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga. Idan ya yi baƙi ƙirin yana ƙauri, ya sha zafi fiye da kima, galibi saboda ya yi ƙasa.

Ba kowane man giya ne na giyarka ba

Mutane da yawa sun ɗauka duk man da ya fi kauri ya fi kyau. Lambobin da ke jikin galan ma suna ƙara rikita su. Gaskiyar ita ce ma'aunin lambar man giya daban yake da na man inji. Man giya mai lamba 90 kaurinsa kusan ɗaya ne da man inji mai lamba 40 ko 50. Mai lamba 140 kuwa ya yi wa yawancin akwatunan ƙananan motoci kauri. Da sanyin asuba a watan Janairu sai giya ta ƙi shiga, direba ya yi ta kokawa da ita.

Abu na biyu shi ne haruffan da ke bayan galan, GL-4 ko GL-5. GL-5 an yi shi ne musamman don aksul na baya, inda haƙora ke gogar juna da matsanancin ƙarfi, don haka aka cika masa sinadaran da suka ƙunshi farar wuta. Su ne ke ba shi wannan wari mai hawa kai. A aksul alheri ne. A tsohon akwati mai zobban tagulla kuwa, wasu nau'o'insa kan ci tagullar idan zafi ya yi yawa, santsinsa kuma kan hana zoben kamawa yadda ya kamata. Shi ya sa masu tsofaffin motoci da yawa ke tsayawa kan GL-4 a akwati, su bar wa aksul GL-5.

Ita 504 ma tana da nata abin mamaki. Akwatinta mai giya huɗu, wanda kamfanin ya sa wa suna BA7, man inji aka rubuta masa a littafin motar na asali, kuma abin da yake sha bai wuce lita ɗaya da 'yan kai ba. Aksul ɗinta na baya ne ke shan mai kaurin. Wanda ya ɗura wa wuraren biyu abu ɗaya daga jarka ɗaya, ya cuci ɗayansu. Tun da yawancin motocin nan an sha canza musu akwati, a fara tabbatar da wane iri ne a jiki kafin a sayi mai.

Sai batun jabu. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba shi da suna, ba shi da lamba, babu mai iya rantsuwa kan abin da ke ciki. Araha ba ta ado. Akwatin da lita ɗaya da 'yan kai ta ishe shi bai cancanci a yi masa rowar galan mai hatimi ba.

Ƙa'idojin aiki

A yi juye bayan mota ta ɗan yi tafiya, lokacin da man ya yi ɗumi, dattin bai kwanta ba. A ajiye ta a wuri mai daidai, a kan rami ko a kan abin tokare mai ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan rairayi.

A fara kwance notin zubawa da ke gefen akwati kafin na ƙasa. Dalili a fili yake: in ka zubar da mai sannan na gefen ya ƙi kwantuwa, ka kafe motar da hannunka. A zuba sabo har ya kawo bakin ramin gefe. A canza washar jan ƙarfe. A ɗaure da sifana daidai wa daida, domin jikin akwatin alminiyam ne mai taushi, ƙarfin tsiya kan cinye zaren.

Wanda zai sayi noti mai maye ya tafi da tsohon a hannu, a gwada zare da tsawo. Wanda ya yi tsawo zai iya taɓa haƙoran da ke juyawa. A kuma duba ko mayen ya zauna daram, don wanda aka liƙa da gam kawai zai iya faɗawa ciki. Irin maye mai ƙarfin nan na neodiyam, wanda aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, na gama-garinsa kan fara rasa ƙarfi idan zafi ya haura digiri 80. A yankin da zafin rana kaɗai ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga lodi ga yashi, a nemi wanda aka yi don mota, ba wanda aka ciro daga abin wasan yara ba.

Tsohon man kuma kada a zubar da shi a ƙasa. Rairayi ba ya riƙe komai, mu kuma daga rijiya da burtsatse muke sha. A tara shi a jarka mai murfi, nesa da yara da dabbobi.

Ina ruwan ɗalibi?

Da yawa daga cikinmu 'ya'yan direbobi ne, ko ƙannensu, ko masu zuwa gareji koyon aiki idan an yi hutu. Ogan gareji ya fi mu sanin kukan giya nesa ba kusa ba, shekaru ya yi yana saurare. Abin da za mu iya kawowa shi ne karatun bayan galan, da bambance GL-4 da GL-5, da ɗan littafin da za a riƙa rubuta ranar juye da irin man da aka sa da abin da aka gani a noti. Yawancinmu muna da waya mai kyamara. Hoton notin yau, idan aka ajiye shi kusa da na juye mai zuwa, zai nuna ko ɓarnar tana ƙaruwa ko ta tsaya.

Wannan shi ne abin da injiniyoyi ke yi a manyan masana'antu: su lura da inji tun yana aiki, su gyara shi kafin ya tsaya. Ɗalibin da ya koyi haka a ƙarƙashin akori-kura a Gumel ya riga ya sa ƙafa a wannan fanni.

Don haka idan za a yi wa motar gidanku juye, ku nemi izinin Baba ko Kawu cikin ladabi a leƙa man giya ma. In an kwance notin, ku karɓa ku duba kafin a goge.