RUMBU CIKE DA MASARA, YARO YANA RAMA

Maganarmu ta yau taku ce, mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Wanda ya karɓi wannan ɗan littafi a ɗakin shan magani, in ya iya karatu, ya karanta wa mutanen gidansa, musamman mata masu goyo da kakanni, don zancen na abincin ƙananan yara ne.

Ƙasarku ƙasar albarka ce. Ruwan sama ya fi sauka a nan kudu bisa ga arewacin Kano. Ga masara a Doguwa, ga shinkafa a Tudun Wada, da kaka motoci sai ɗiba su ke yi zuwa Dawanau. Tun da aka gama madatsar ruwan Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ga kifi, ga noman rani. Amma duk da haka, je ka ɗakin shan magani ranar awon yara ka gani. Za ka tarad da yaro ɗan shekara biyu, hannu kamar sillen kara, ciki ya yi tulu, gashi ya yi ja, ubansa kuwa yana da rumbu cike. Binciken lafiya da Gwamnatin Tarayya ta yi cikin 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Kano waɗanda ba su kai shekara 5 ba sun tsumbure, watau tsayinsu bai kai na shekarunsu ba.

Wannan ciwo shi ne tamowa. Ba maita ba ce, ba iska ba ce, ba kuwa kambun baka ba. Yawanci daga kokon yaro ta ke farawa.

Kai maigida, manomi ne kai, ka san abin da za mu faɗa. In ka shuka masara ka hana ta taki, ko da ruwa ya wadata, sai ganye ya yi rawaya, kara ya tsaya, goyo ya fito ɗan mitsitsi. Don haka ka ke sayad da akuya ka sayi buhun taki. To, jikin yaro haka ya ke. Abinci iri uku ya ke bukata. Akwai mai ba da ƙarfi, watau masara da dawa da gero da shinkafa da mai. Akwai mai gina jiki, watau wake da waken suya da gyaɗa da ƙwai da kifi da nama da nono. Akwai kuma mai tsare jiki daga cuta, irin su zogale, rama, alayyahu, kuka, kabewa, manja, gwanda da mangwaro. Masara ita kaɗai ba ta da isasshen abin gina jiki, kuma ɗan abin da ke cikinta bai cika ba sai an gama ta da wake ko gyaɗa.

Yanzu dubi kokon da a ke dama wa yaro. Gasara ce ’yar kaɗan, an tace an zubad da dusa, an tsinka da ruwa, an sa sukari. Cikin yaro ɗan shekara guda ba ya ɗaukar abin da ya wuce kofin shayi ɗaya a zama guda. In ka cika wannan ɗan wuri da ruwa-ruwa, yaro zai yi shiru, uwa ta ce ya ƙoshi, alhali ruwa ya sha. Haka yau, haka gobe, har wata uku. Sa'an nan zawo ya zo, ko ƙyanda, ko zazzaɓin damina, ya tarad da jikin da ba shi da ajiya.

Ba yau aka gane wannan ba. Wata likita, Cicely Williams, ta yi aiki a asibitin yara na Ankara, babban birnin ƙasar da yanzu a ke kira Gana. Cikin 1933 ta rubuta labarin yaran da a ke kawo mata da kumburi da saɓar fata, ta lura duk kunun masara su ke sha. Cikin 1935 ta kira ciwon da sunan da mutanen wurin su ke kiransa, kwashiyoko, watau ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Mu nan mun san wannan. Mace ta yi kwanika, a ce nononta ya ɓaci, a cire yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka. Ya rabu da nono, ya rabu da uwa, ya ƙi cin abinci don kewa. Ku sani, ciki ba ya ɓata nono. Mai ciki tana iya ci gaba da shayarwa, sai dai a ƙara mata abinci. Yaye kuwa a hankali a ke yinsa, bayan yaro ya saba da cin tuwo da miya.

Ke uwar yaro, ga yadda za ki yi. Da an haihu ki sa jariri a nono, kada ki zubad da dakashi, shi ne rigakafinsa na fari. Har wata 6 nono kaɗai, ko ruwa ba ya bukata, ko da ana zafin bazara, don nono da ruwansa ya ke zuwa. Daga wata 6 ki fara ba shi kunu mai kauri, wanda in kin karkata cokali ba zai zuba nan da nan ba, sau 2 ko 3 a yini. Daga wata 9, sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Nono kuwa ya ci gaba har shekara 2.

Akwai gari da ma'aikatan lafiya su ke koya wa mata, kowa na iya yinsa a gida. Ɗebi gwangwani 6 na masara ko dawa ko gero, gwangwani 3 na waken suya, gwangwani 1 na gyaɗa. A tsince, a zubad da duk wanda ya yi funfuna, don funfunar gyaɗa da masara guba ce ga hanta. A soya kowanne dabam, a surfe waken a cire ɓawo, a gama a niƙa. A riƙa damawa da kauri, a ɗiga cokalin man gyaɗa ko manja. In akwai busasshen kifi, a cire ƙaya a daka a barbaɗa. Garin zogale ma haka. Kada a ba ƙaramin yaro gyaɗa tsaba, ya kan shaƙe.

Sai zancen ƙwai. Mun sha jin tsofaffi suna cewa in an ba yaro ƙwai zai tashi ɓarawo. Da girmamawa mu ke faɗa, iyayenmu, ba mu taɓa ganin wanda ƙwai ya kai gaban alƙali ba. Abin da mu ke gani shi ne ƙwan zabi da na kaji ana kwasa a kai bakin titin Kwanar Ɗangora a sayar wa matafiya, a sayo wa yaro biskit da alewa da kuɗin. Wannan ciniki faɗuwa ce. Ko ƙwai ɗaya aka bar masa, a dafa shi sosai a murtsuke cikin abincinsa. Kai kuma maigida, in an kawo maka akushi da tsoka a bisa, tuna jikinka ya gama ginuwa, nasa yanzu a ke ɗora tubali. Da kaka, kafin ka sayad da wake da gyaɗa, ware na yara tukuna. Kuma a zuba wa ƙaramin yaro nasa a kwanonsa, wani babba ya zauna kusa da shi. In an gama shi kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun suɗe.

In yaro na zawo ko zazzaɓi kada a hana shi abinci wai ciki ya huta. A ba shi kaɗan-kaɗan, a yawaita nono, a karɓo ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki. In ya warke a ƙara masa ci ɗaya a yini har mako 2.

Yaya za ki gane tamowa ta kama? Danna babban yatsa a bayan ƙafarsa, ki ƙirga uku, ki ɗaga. In rami ya zauna a ƙafafu duka biyu, kumburi ne, ba ƙiba ba ce, kada a kwana. A ɗakin shan magani kuma akwai ɗan zare mai launi uku da a ke auna damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya. Rawaya gargaɗi. Ja kuwa, watau ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ta yi tsanani. Irin waɗannan yara a ke ba haɗin gyaɗa da madara na cikin leda, wanda aka yi wa dubban yara magani da shi a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Magani ne, na mai ciwon ne shi kaɗai. Ba a raba shi da 'yan'uwa, ba a kai shi kasuwa. In ba a bayarwa a garinku, malamin asibiti zai gaya muku inda a ke bayarwa. Yaron da ya kumbura ƙwarai, ko ya ƙi cin kome, ko yana ta amai, sai an kwantad da shi a babban asibiti.

Ranar awo ku zo da yaro da katinsa, ko da lafiyarsa lau, a auna damtsen a rubuta. Mun bar ku lafiya.