Babur na yoyon mai ta gefen giya? A duba sil kafin a buɗe inji

A babura irin su Bajaj Boxer, da 'yan acaɓa suka fi hawa, giya ba ta da nata man daban. Baƙin mai ɗaya ne, kusan lita guda, ke zagaya inji da kuloci da giya. Shi ya sa ɗigon da ake tararwa a ƙarƙashin babur da safe ba abin rainawa ba ne. Idan man ya ƙare, injin ne zai buga.

Sai dai wasu makanikai na saurin cewa a sauke inji, alhali yawanci yoyon daga waje biyu yake, duk a gefen hagu: sil ɗin sandar da ake taka giya, ko wanda ke bayan ƙaramin sifiroket na gaba. Zafi da ƙura ne ke busar da robar har ta daina riƙe mai, kuma cen da aka ɗaure tamau yana saurin cinye na bayan sifiroket.

Kafin a sayi komai, a wanke wajen da kalanzir, a bari ya bushe, a ɗan zagaya da babur ɗin. Inda ya fara jiƙewa, nan ne. Wani lokaci ma man da aka zuba wa cen ne yake fantsama.

Canjin ba ya buƙatar buɗe inji. A ɓamɓaro tsohon sil a hankali kada a karce sandar, a shafa wa sabon mai, a tura shi daidai ba a karkace ba. A kuma duba tiyon numfashin inji, domin idan ya toshe, sabon sil ɗin ma zai yi yoyo.