Kyamarorin titin Legas da direbobin Yauri: Wa ke karɓar tarar?

Motar da ta yi lodin albasa ko busasshen kifi a Yauri kan bi ta Kontagora da Mokwa da Jebba da Ilorin kafin ta isa kasuwar Mile 12 a Legas. A ƙarshen wannan doguwar tafiya direba zai iya aikata laifi, a yanke masa tara, ba tare da wani jami'i ya tsayar da shi ba.

A watan Fabrairun 2025 Kwamishinan Sufuri na Jihar Legas, Oluwaseun Osiyemi, ya sanar da ƙarin kyamarori a kan wasu manyan tituna, tare da tarar Naira 50,000 ga wanda ya wuce ƙa'idar gudu, da Naira 20,000 ga wanda ya keta jar danja. Kyamarar takan karanta lambar mota, na'ura ta binciko sunan da aka yi rajista da shi, sannan a aika saƙon tes zuwa lambar wayar da ke cikin rajistar.

Ɗaukar hoto ba shi ne abin wahala ba. Lamba mai haruffan YLW, wato ta Yauri, tana karantuwa kamar kowace, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana da rumbun bayanan lambobin motoci na ƙasa baki ɗaya. Wahalar tana wajen karɓar kuɗin. Mai motar Legas yana tafin hannun jiharsa, domin wurinta zai koma sabunta takardu, a nan kuma bashin zai tare shi. Mai motar Yauri kuwa a Jihar Kebbi yake sabunta nasa, kuma harajin mota hurumin kowace jiha ne ita kaɗai. Tarar Legas ba kuɗin shigar Kebbi ba ce, don haka babu abin da zai zaburar da ofishin lasisi ya zama ɗan karɓar bashin wata jiha, sai fa in an ƙulla yarjejeniya. Tarayyar Turai ma sai da ta kafa dokar musayar bayanan masu motoci tsakanin ƙasashenta a 2015.

Wannan ba ya nufin direba ya sha. Bashin yana nan rataye da lambar motar, kuma ranar da jami'an duba motoci suka tsayar da ita a Legas zai iya fitowa. Mai ɗauke da ɗanyar albasa ba ya da kwanakin jayayya.

Akwai kuma wanda abin kan faɗa wa bai ji ba bai gani ba. Motoci da yawa suna sauya hannu da takardar ciniki kawai, ba a canja suna a rajista ba. Saƙon tara sai ya tafi wayar tsohon mai motar, wanda wataƙila ya sayar da ita shekara uku da suka wuce, shi kuwa direban da ke riƙe da ita a Ngaski ko Shanga bai san ana bin sa ko sisi ba.